Kalmar Da Baba Ya Nema Ya Rasa

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran Baba, mahaifin maigidana, a gadon asibiti, bayan jinyar kwana tara. Ya rasu yana da shekara saba'in da shida. Na Allah ne mu duka, kuma komai daɗewa wurinSa za mu tattara. Ya bar 'ya'ya biyu, maigidana da Yaya wadda ita ce babba, da jikoki biyar, sai ni, surukar da ya zauna da ita gida ɗaya shekara goma sha huɗu bai taɓa ɗaga mata murya ba.

Baba, yau kwana goma sha biyu ke nan. Jama'a sun watse, an mayar wa maƙwabta kujerunsu. Na zauna a teburinka ina rubutu, domin akwai maganar da ke tsakanina da kai wadda ba mu ƙarasa ba.

Shekara talatin da biyu ka yi a maɗaba'a kana gyaran kurakurai. Duk shafin da za a buga sai ya bi ta gabanka, shi ya sa abokan aikinka suka laƙaba maka Jan Biro. Ko da ka yi ritaya, idonka bai yi ba. Takardar magani, kalandar bango, katin makarantar yara, babu wanda kake gani ka wuce. Har yau telan bakin layinmu yana ba da labarin ranar da ka tsaya gaban shagonsa ka ce masa allonsa ya rasa harafi guda. Ya yi dariya ya ce shekara shida babu wanda ya lura. Washegari ka dawo da gwangwanin fenti da ɗan buroshi, ka sa ya riƙe maka tsani.

Ba ka taɓa kirana da sunana ba. Malama kake ce mini, saboda aikina na koyarwa, kuma yadda kake faɗinsa sai in ji kamar wata babbar shugaba ce ni. Shekarar da na yi ɓari na biyu, na rufe kaina a ɗaki na daina magana da kowa. Ba ka shigo ba, ba ka yi mini wa'azi ba. Sai ka ajiye kujera a bakin ƙofa, kullum bayan la'asar, kana karanta jarida da ƙarfi, kana tsayawa kana faɗa da marubutan. "Ji wannan, Malama, ya sa waƙafi inda babu numfashi!" Kwana goma sha ɗaya kana haka. Ranar da na yi dariya daga ciki, sai ka naɗe jaridarka ka ɗauke kujerar.

Lokacin da na koma karatun digiri na biyu, kai ne ka lura ina daɗewa a makaranta don kawai in samu intanet. Ka kira masu haɗa waifai, intanet na gida, ka zaɓi inda za a kafa na'urar, saman kantar littattafanka a falo. Da suka tafi, ka juya ta ka karanta kalmar sirrin da ke manne a gindinta, ka ce wannan tarkacen haruffa ne marasa ma'ana, ba za su zauna maka a gida ba. Ka sauya ta da taka. Ba ka faɗa wa kowa ba, har ɗanka. Duk wanda ya zo, ɗan gida ko baƙo, sai ya miƙo maka wayarsa ka juya baya ka danna masa. In an ce ka rubuta ta a wani wuri don gudun mantuwa, sai ka ɗora yatsa a goshi ka ce, "Tana nan." Babu mai musa maka. Mutumin da ya haddace lambobin waya fiye da arba'in, wa zai ce masa zai manta kalma ɗaya?

Wata Asabar ce ta watan Yulin bara. Tsohuwar wayarka ta faɗa bokitin ruwa, Yaya ta aiko maka da sabuwa. Ɗanka ya fita da yara. Ina kicin sai na gan ka a bakin ƙofa, wayar a hannunka.

"Malama, in kin gama ina son ganinki."

Na same ka a falo. Ka ce wayar nan ba ta da kirki, sau tara kana sa kalmar tana cewa kuskure. Na yi dariya na ce sababbin wayoyi ba su san manya ba. Kai ba ka yi dariyar ba. Ka dubi ƙofa, ka rage murya.

"Ba wayar ba ce. Na nemi kalmar na rasa."

Ban ɗauke shi komai ba a lokacin. Na hau kujera na sauko da na'urar, muka gwada kalmar da ke manne a gindinta, ta ƙi, tun da ka sauya ta shekara bakwai da suka wuce. Na nuna maka wani ɗan rami a bayanta, na ce in aka zura allura aka danna, komai zai goge, sai mu sa sabuwa. Ka riƙe mini hannu, abin da ba ka taɓa yi ba.

"A'a. Ba sabuwa nake so ba. Tawa nake nema."

Sai na tuna da tsohuwar kwamfutata, wadda na rubuta kundin digirina da ita, kai kuma ka karance shi shafi-shafi da jan birorka. Kai ka sa mata kalmar tun ranar farko. Na zaƙulo ta daga ƙasan durowa, na sa ta caji, muka zauna muna jira ta farka. Ta ɗauki lokaci. Da ta buɗe, na shiga saiti, na nemo jerin waifai ɗin da ta taɓa hawa, na zaɓi na gidanmu. Ga kalmar nan, amma ɗigo-ɗigo ne a jere. A ƙasansu akwai ɗan akwati da ake dannawa haruffan su fito fili. Na danna, na kawar da kaina, na juyo maka fuskar kwamfutar, domin sirrinka ne.

Ka sa tabarau. Ka daɗe kana kallo, leɓunanka suna motsi. Sannan ka ce, "Wannan mece ce?"

Dole na duba. Sunan da kake kiran marigayiya Inna ne, matarka, wanda babu mai kiranta da shi sai kai, sai lambar gidan da kuka fara zama. Ba zan rubuta shi a nan ba. Na sha jin ka kana ƙwala mata shi daga falo tana amsawa daga tsakar gida.

Na ce, "Baba, ai sunan da kake kiran Inna ne."

Ka gyaɗa kai a hankali, irin na baƙon da ake yi wa kwatancen hanya. "Haka ne?" Agogon bango yana ta tafiya. Ban san minti nawa aka yi ba kafin na ga abin ya dawo maka, na gan shi a fuskarka. Ka cire tabarau ka riƙe da hannu biyu. Ka ce, "Shekara arba'in da ɗaya muka yi tare."

Na sa maka kalmar a sabuwar wayar, ta hau nan take. Da na miƙa maka ita ba ka karɓa ba, sai ka ce, "Kada ki faɗa wa mijinki. Zai hana ni fita. Zai riƙa bina da ido kamar majinyaci." Na ce ba zan faɗa ba. Baba, ba ka taɓa roƙona komai ba sai rannan, ta yaya zan ƙi?

Wata takwas na riƙe wannan alkawari. Na tsinci mabuɗin ɗakinka a firji na mayar inda yake. Na kashe risho a bayanka ba sau ɗaya ba. In ka fara labari a teburin cin abinci ka ɓace a tsakiya, sai in yi sauri in cafe in ƙarasa, kamar zumuɗi ne ya ɗebe ni. Na yanka 'yan takardu na rubuta adireshin gida da lambata, na riƙa cusawa a aljihun rigunanka ba tare da na gaya maka ba. Wata rana na sami ɗaya a kan teburin kicin, ka zagaye harafi guda da jan biro, ka rubuta daidai a gefe. Na sake rubutawa na mayar. Abin ya sa ni dariya, har na ce wa kaina wanda yake wannan ai da sauransa.

Ranar Lahadi, biyu ga Maris, ka fita ƙarfe takwas sayen jarida a mahaɗar titi, tafiyar minti goma. Rigar da ka sa daga wurin mai guga ta dawo a jajibirin ranar, ban kai ga sa mata takarda ba. Wayarka tana kan tebur tana caji. Wajen ƙarfe tara ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Mai jarida ya ce ka saya, ka biya, sai ka yi hagu maimakon dama. Muka bi layi-layi, masallaci, kemis, gidajen abokanka. Sai ƙarfe huɗu na yamma ɗanka ya same ka a ɗaya gefen gari, a gaban ginin tsohuwar maɗaba'a, wadda aka rufe tuntuni aka mayar da ita ma'ajiyar tayil na daɓen ɗaki. Kana zaune a kan matakala, jiƙe sharkaf, jarida a hammata, kana jira a buɗe ƙofa. Ka ce masa ka makara, akwai shafi goma sha shida da ke jiranka. Sanyin ya shiga ƙirjinka, kuma daga asibiti ba ka dawo ba.

Kwanakin zaman makoki, gidan ya cika da 'yan'uwa daga nesa, kowa yana son kiran nasa. In sun tambayi kalmar waifai, sai Yaya ta ce a tambayi Malama, a zatonta ni kaɗai ka amince wa da ita. Haka na riƙa faɗin sunan Inna harafi-harafi ga mutanen da ba su san mene ne ba, suna dannawa suna cewa na gode. Wayarka kuwa tana nan inda ka bar ta, babu wanda ya iya cire ta daga caji. Kowace safiya sai ta yi haske, tsofaffin abokan aikinka suna gaisawa a zaurensu na waya, har yanzu ba su cire ka ba. Da rana, in gida ya yi tsit, nakan ji ƙarar kujerarka, irin wadda take yi in ka jingina. Na san katako ne da zafin rana. Duk da haka sai na leƙa. Sau biyu ina kicin na ji kamar mutum ya tsaya a bakin ƙofa yana jira in gama, na juyo da amsa a bakina.

Shekaranjiya da hantsi ni da ɗanka muna ninke kayanka don a rabar. Ya sa hannu a aljihun wata riga ya zaro takarda. Ya duba riga ta gaba, ya zaro wata. Bakwai ya jera a kan gado, duk da rubutuna. Ya dube ni. Na faɗa masa komai, tun daga ranar kwamfuta har zuwa rigar mai guga. Na gama ina jiran abin da zai ce, kuma ko me ya ce na san na cancanta.

Ya zauna a bakin gado ya rufe fuska. Can ya ce, "Tun watan Mayu na sani." Wai wata safiya ka shirya tsaf ka shiga motarsa, ka ce ya sauke ka a maɗaba'a kada ka makara. Da hankalinka ya dawo, ka roƙe shi. "Ya ce kada in faɗa miki. Ya ce ke kaɗai kika rage kina kawo masa takardu ya duba, in kika sani za ki daina."

Mun daɗe zaune a tsakiyar rigunanka. Mutum biyu a gida ɗaya, a ɗaki ɗaya, kowa yana gadin sirrinka daga ɗan'uwansa, kowa yana ganin shi ne yake kare maka mutunci. Likita ya gaya mana cewa ciwon mantuwa irin naka ba a warkar da shi. Amma da mun haɗa abin da muka sani, da ba ka fita kai kaɗai ranar ba. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, na yi imani da haka. Sai dai imanin bai hana ni ganinka a kan matakalar nan ba duk lokacin da hadari ya haɗo.

Ban yi fushi da kai ba, Baba. Tsoro ka ji, kuma ka ji shi kai kaɗai, a gidan da kowa yake ƙaunarka. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Yaya, ke kaɗai ce ba ki sani ba. Kin tambaye mu a asibiti ko mun taɓa ganin alama, mu biyu muka sunkuyar da kai. Mun kasa gaya miki baki da baki, shi ya sa na rubuta. Mahaifinki ne, kina da haƙƙin sani tun ranar farko, muka hana ki wata goma da za ki zo ki zauna kusa da shi yana gane ki sarai. Ki yafe mana in kin iya. In ba yanzu ba, za mu jira.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo gare Ka. Ya ƙare rayuwarsa yana gyara kurakuran mutane a asirce kafin duniya ta gani, Ka rufa masa nasa asirin, Ka shafe kurakuransa. Ka tabbatar da harshensa a wurin tambaya, kada ya nemi amsa ya rasa. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sada shi da Inna a gidan Aljanna, su gane juna. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya da maigidana, da jikokinsa, da ƙannensa, da tsofaffin abokan aikinsa na maɗaba'a, da maƙwabtan da suka shiga ruwa tare da mu suna nemansa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya yafe mana abin da muka gaza, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.