Karyar da Aka Ce Ta Gama Amfani

Ina tsaye a bayan wani gida a GRA, na toshe hanci da gyale saboda wari. Kwikwiyo na zo saya don gadin gonata ta Tirwun, wanda na ga hotonsa a intanet, fes da shi kamar ɗan gata.

Ashe a hoto kawai gatan ya tsaya. Keji kan keji cike da 'yan kwikwiyo, ba ruwa, ba inuwa. Can a lungu na hango wata karya a ɗaure, haƙarƙarinta duk a waje.

Na tambayi mai sayarwar, "Malam, wannan fa?"

Ya ce, "Uwarsu ce, Hajiya. Ta daina haihuwa, ta gama amfani. Gobe zan kai ta daji in yar."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Bayan duk 'ya'yan da ta haifa maka? Kwance min ita, da ita zan tafi."

Da ƙyar na samu mai Keke Napep ɗin da ya yarda ya ɗauke mu, sai da na shimfiɗa mata buhu.

Yau watanta uku a gona. Ta murmure, ko akuya ba ta isa ta taɓa min masara ba. Na sa mata suna Sauran-Kwana.

Ku fa, wa kuka taɓa gani an ce ya gama amfani, alhali kulawa kawai ya rasa?