Ranar da Jirage Suka Dawo Zokniai

Stase tana da shekara tara sojojin Rasha suka kwashe su a taragon shanu daga ƙauyensu na Lituweniya zuwa Siberiya. Abin da ya raya su a hanya shi ne busasshen burodin da uwarsu ta yi dabarar ƙunsowa a zanen gado. Da girmanta ta dawo gida, ta yi ɗinki a garin Shauliyai har ido ya gaza, kuma ba ta taɓa bari gutsuren burodi ya tafi bola ba. Busar da shi take a bayan murhu, ta zuba a buhu, ta rataye a bayan ƙofa. Gidanta ba nisa da filin jiragen Zokniai, inda sojojin Rasha suka yi shekaru suna girgiza mata tagogi kafin su tattara su tafi.

Shekarar da ƙasar ta shiga ƙawancen tsaro na NATO, rediyo ba shi da zance sai wannan. Stase ta ce takarda ce kawai, ita kuwa ta ga takardu.

Wata rana a ƙarshen sanyi tana feraye dankali, sai tagogi suka ɗauki rawa. Ta san ƙarar nan, ta jiragen yaƙi ce. Ta ajiye wuƙa, ta sa riga a kan riga, ta ɗora kwat biyu, ta sauke buhun, ta zauna a bencin ƙofar gida tana jiran motar sojoji. Wanda aka tarar a shirye shi ke isa Siberiya da rai.

A haka ƙaninta Bronius ya same ta, ya zo aron tsani.

"Yaya, ina zuwa kika naɗe haka kamar kabeji?"

"Sun dawo. Je ka ɗauko maganin hawan jininka, a can ba a bayarwa."

"Haba Yaya, 'yan Beljiyam ne fa. Tunda ba mu da jiragen yaƙi, su za su riƙa tsare mana sama."

"Wancan karon ma cewa aka yi kariya aka kawo mana."

"Wancan karon ba mu muka gayyato ba."

"Kai me ka sani? A goye ka yi tafiyar, kana ta zawo."

Da ya ga ba za ta tashi ba, ya ce to su je ta gani da idonta. Suka hau bas, ita da kwat biyunta, mutane na satar kallonta.

Jama'a sun cika bakin shingen wayar filin jiragen. Stase ta kutsa gaba, ta ƙura wa jirgin farko ido tana neman jan tauraro, tambarin jiragen Rasha. Babu shi. Wata da'ira ce a jikinsa, baƙi da rawaya da ja. Matuƙin ya sauko, ya cire kwalkwali yana murza kunnuwa.

Ta tambayi Bronius, "Yanzu in an taɓa mu, wannan zai tashi saboda mu?"

"Shi da sojojin ƙasa ashirin da wani abu. Wanda ya kai wa ɗaya hari, duka ya kai wa."

Ta daɗe tana kallon matuƙin. "Ko hula bai sa ba. Mura zai yi."

A hanyar dawowa wani jirgin ya sake ratsawa ta samansu, gilashin bas ɗin ya yi rawa. Bronius ya juya zai tsokane ta, ya tarar ta jingina kai a kafaɗarsa tana barci, baki a buɗe. Da suka iso tasharsu bai tashe ta ba. Ya yi wa direba alama da hannu ya wuce.