Tudun Tsakiya

Duk abin da na sani game da gaskiya da masu kama da ita, a jikin wata 'yar allura na koye shi, cikin wani ɗaki mai sanyi a Fagge.

Shekarar da soja suka koma bariki, ofishin wayar tarho da nake wa aiki ya karɓi agogon siziyam. Sunan agogo kawai gare shi: akwati ne da ke ba sauran injuna bugun da za su bi. Kafin ya fara aiki sai an saita shi. Kana murɗa maɓalli a hankali, allurar mita na hawa tana sauka, tudu bayan tudu. Na tsakiya, wanda ya fi tsawo, shi ne daidai. Na gefensa sun kusa kamo shi, kuma ko a kansu ka tsaya, koriyar fitila za ta kama.

Maigidana a aikin wani dattijon Ibo ne daga Sabon Gari, wanda Hausarsa ta fi tawa gishiri. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya.

Ranar da babban baƙo zai buɗe ɗakin, sabon manajan da siyasa ta kawo mana ya leƙo da safe, ya dubi dattijon.

"Injiniya, ina fitilar?"

"Ranka ya daɗe, a ba ni awa uku. Injin bai gama ɗumi ba, allura yawo take."

"Ƙarfe goma baƙo zai iso. Kore nake son gani, ba lacca ba."

"Akwai koren ƙarya, in shi kake so. Amma ba da hannuna ba."

Manaja ya juyo gare ni. "Malam, kai ma sai awa ukun?"

Na murɗa. A tudun farko da na tarar na tsaya, fitila ta kama. Na san na gefe ne. Dattijon ya daɗe yana duban allurar, sannan ya ce, "Sannu da aiki, ɗana."

Kafin azahar takardar sallamarsa ta fito, wai rashin biyayya. Aka ba ni kujerarsa. Daga baya nakan hango shi a kwanar Bata yana gyaran rediyo a wata rumfa, sai in tsallaka titi.

Baƙon kuwa sai bayan la'asar ya iso. Bai ma shiga ɗakin ba.