Baba Apollos na Demsawo, Mai Sauya wa Tsofaffin Kwamfutoci Rumbu

Kafin ranar Jimeta ta yi ƙarfi, Baba Apollos ya riga ya buɗe shagonsa na Demsawo. Yakan fara da shara, ya yayyafa ruwa a bakin ƙofa, ya karanta 'yan ayoyi cikin Littafi Mai Tsarki, sannan ya fito da akwatunan kwamfutar da suka kwana a wurinsa ya jera bisa benci. Ɗaya bayan ɗaya yake buɗe su, ya hure ƙura, ya kunna, ya kara kunne. Mai shayin da ke maƙwabtaka da shi ya ce bai taɓa ganin ya kwance wani abu a ciki ba sai ya fara sauraron kukan na'urar.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ido ya soma gazawa, ƙananan ƙusoshin nan kuwa ba sa tausayin tsoho. Shi ya sa na ga gara in faɗi abin da na sani game da shi tun yana ji da kunnensa.

Mutumin wajen Numan ne. Da gyaran rediyo ya shigo Jimeta, ya koma kwamfuta a lokacin da ofisoshi suka fara jingine tafireta. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne sauya hardis, wato rumbun da kwamfutar tebur ke ajiye duk abin da aka zuba mata.

Ni malami ne a wata ƙaramar makaranta a Ngurore, kuma ta nan na san shi. An ba mu kyautar tsofaffin kwamfutoci, irin waɗanda za ka kunna, ka je ka yi alwala ka dawo, ba su gama farkawa ba. Har mun yanke shawarar kiran 'yan gwangwan. Wani ya ce mu fara nuna wa Apollos. Ya hau mota ya zo da jakarsa, ya duba, ya ce da ni cikin Hausarsa ta Jimeta, "Malam, kwamfutan nan bai mutu ba. Rumbu ne ya gaji." Ya cire tsofaffin rumbunan masu juyawa, ya sa sabon samfurin nan da ba ya juyawa kuma ba ya ƙara. Kwamfutoci guda biyu ya ce ba su da sauran amfani, kada mu ɓata ƙarfinmu a kansu. Sauran har yau su ɗalibanmu ke koyon jarrabawar shiga jami'a a kai, yaran da wasunsu ba su taɓa ɗora yatsa a kan madanni ba.

Da zai tafi sai ya miƙo mini tsofaffin rumbunan a ƙunshe cikin leda. Na ce ya riƙe, me zan yi da su? Ya ce, "A'a. Sirrin mutane na ciki. Ko ka ajiye, ko ka fasa da hannunka." Daga baya na gane haka yake yi da kowa. Likitoci, lauyoyi, limamai da fastoci sun bar masa na'urorinsu sun tafi gida, ba a taɓa jin maganar wani ta fito daga shagon nan ba. Kai ne mai amana, Baba Apollos. An ba ka mabuɗin ɗaki, ka gyara ƙofa, ba ka leƙa ƙarƙashin gado ba.

Amma labarin da ya sa na ɗauki alƙalami na Ishaku ne, mai hoto a Adarawo, cikin Yola. Shi ya ba ni da bakinsa.

Ishaku ya daɗe yana ɗaukar hotunan biki da suna da saukar karatu a unguwar, duk yana tarawa a wata tsohuwar kwamfutar tebur. A shekarar da ruwa ya shiga gidaje a wajen Yola, mutane da yawa sun rasa hotunansu, sai suka riƙa zuwa wurinsa ya sake wanke musu. Cikinsu har da Gogo, wata dattijuwa da ɗanta ɗaya tilo, Zubair, ya rasu kafin ambaliyar. Hotonsa na ranar aure da ke rataye a ɗakinta ruwa ya cinye shi. Zubair ya bar 'ya mace wadda ba ta san fuskarsa ba.

Ishaku ya kunna kwamfuta don ya nemo mata, sai ta fara wata ƙara, ƙyas, ƙyas, allo ya tsaya cik. Ya kashe ya sake kunnawa. Haka dai. Ya kira Apollos a waya.

"Sau nawa ka kunna?"

"Baba, na ɗan gwada dai."

"Kar ka sake. Cire waya daga bango. Ka ɗauko shi kamar ƙwai, ka gaya wa mai keke ya bi a hankali."

Gogo ta ce ƙafarta ƙafarsa. Ta biyo shi har Demsawo, aka ba ta kujera a inuwar rumfa. Apollos bai ɓoye mata komai ba. "Mama, rumbun nan yana mutuwa. Zan kwashe abin da ya yarda ya ba ni in zuba a sabo. Ban yi miki alkawari ba." Ishaku ya fassara mata da Fulatanci. Ta ce Allah na nan.

Ya cire rumbun, ya haɗa shi da tasa kwamfutar, ya jona su a batir don kada ɗaukewar wuta ta katse aikin. Ya juya fankarsa ta tebur, guda ɗayan da ke shagon, ya saita ta kan rumbun, shi kuma ya zauna cikin gumi. Ya tambayi Ishaku shekarar auren, ya fara kwasa daga nan. In rumbun ya yi zafi ya tsaya, in ya huce ya ci gaba. Ranar ba a gama ba. Ya sallami wasu masu kawo gyara, ya ce su dawo wani makon.

Da aka kammala, mafi yawan hotunan Ishaku sun tsira, suna cikin sabon rumbu, tsohuwar kwamfutar na tashi kamar ba ita ba. Amma na auren Zubair sun lalace. Rabin fuska, sauran duk toka.

Wani da ya tsaya nan, ba wanda zai zarge shi. Apollos ya tambayi Gogo ko ɗanta na zuwa hidimar mutane. Ta ce ai ba a yin suna a layinsu babu shi. Sai ya sa Ishaku ya zauna, suka riƙa buɗe hotunan bukukuwan maƙwabta, tana gefe tana kallo. A sunan wani gida, can bayan masu rabon goro, ta miƙa yatsa ta dafa allon. Ga Zubair yana dariya, ya saɓa jaririyarsa a kafaɗa.

Ishaku ya ce ba ta yi kuka a wurin ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta juya ta yi masa godiya da Fulatanci, "Useko, Malam. Useko." Apollos ya ce, "Ba komai, Mama," ya jawo akwati na gaba.

Ba na cewa ba ka da aibi, Baba. Kana da faɗa, kuma ba ka san gaggawa ba ko mutum na rawa a kanka. Amma kai ne wanda bai taɓa cewa a sayi sabo alhali tsoho na da sauran numfashi ba, bai kuma taɓa kiran matacce mai rai ba.

'Yar Baba Apollos, Keturah, wadda ta yi karatun fannin, ita za ta ci gaba da shagon. Masu wannan sana'a a Jimeta da Yola, ku je ku gaishe shi kafin ya koma gida. Sauya rumbu kowa na iya koya cikin ɗan lokaci. Ku koyi riƙon abin mutane, da faɗin gaskiya tun kafin a kwance ƙusa ta farko.

Na gaya masa zan rubuta wannan. Ya ce, "To, ka sa musu su riƙa ajiye abinsu wuri biyu. Ba kullum zan kasance ba."

Na sa, Baba Apollos. Mun gode. Allah ya ba ka hutu cikin lafiya, ya sa ka ci moriyar hannunka.