Takardar da Oga ya kira robish

Ban taɓa mantawa da ranar da kalma ɗaya ta kusa raba ni da aikina ba. Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ne, ina shara a wani ofishin gwamnati a Keffi. Leburar yini-yini ce ni, wato ranar da aka ce kada ki dawo, shi ke nan. Maigidana ya rasu, 'ya'yana biyu suna Panda wajen innata, ni kuma ina ɗakin haya a Sabon Gari. Ni kaɗai ce mace a ofishin. Sai in wuni ba wanda ya ce mini uffan, sai dai a nuna kwando a ce, "Robish." Turancina ke nan duka, don a ajin yaƙi da jahilci Hausa aka koya mana.

Wata Talata babban akawu, wanda muke ce wa Oga, ya karanta rahoton da mai tafireta ya buga, ya yi jifa da shi ƙasa. "Robish!" in ji shi, ya fice. Na ce to, ga nawa aikin. Na share takardun, na ƙone su a bayan ofis tare da sauran shara.

Kashegari aka nemi rahoto, ashe kwafi ɗaya ne. Na ce ni na ƙone. Aka ba ni kweri, takardar tuhuma, aka ce in bayyana gaban Sakatare, shugaban ofishin. Ba ni da wanda zan yi shawara da shi. Na zauna gindin mangwaro da takardar da ban iya karantawa ba, ina tunanin abin da zan gaya wa innata.

Baba Audu masinja, tsohon soja, shi ya raka ni.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa Sakatare, "tun a bariki Turawa suke faɗa mana robish, wani lokaci nansis. Ba shara suke nufi ba, shirme suke nufi. Amma wa ya taɓa zama ya gaya wa baiwar Allahn nan?"

Sakatare ya dube ni. "Hauwa, me kika ji?"

"Robish na ji, ranka ya daɗe. Ni kuma don shi aka ɗauke ni."

Sakatare ya yage kwerin, ya miƙo mini guntayen. "Ungo, wannan kam robish ne."

Aka sake buga rahoto. Oga bai ƙara cewa robish a gabana ba, ya koma nansis, tunda ba ya sharuwa. Daga nan ko kalma ɗayan da ake yi mini ta tafi, sai nuni da yatsa.

Ku da kuke ofis yanzu, kalmar da kuka yar cikin fushi, akwai mai tsince ta da gaske. Ku gaida mai shararku, ku kira sunanta.