Na'Allah, Maƙerin da Bai Musanta Bindigarsa Ba

Kafin ɗaliban makarantarmu su gama sharar fili, Na'Allah ya riga ya hura gawayi. Maƙerarsa rumfar kara ce a bakin hanyar da ta fita daga ƙauyenmu ta nufi Kebbe, kuma tun ina saurayi tsarinsa bai sake ba. Zai yayyafa ruwa a ƙasa, ya zauna a kan buzunsa, ya jera masaba da awartaki da magagari a damansa, sannan ya dubi abin da manoma suka ajiye masa: fartanya mai karyayyen baki, lauje da ya dakushe, gatarin da ya rabu da ƙotarsa. Ba ya taɓa aiki sai ya juya ƙarfen ya duba bayansa. Abin da yake nema tsaga uku ce da ɗigo a ƙarƙashinsu, shaidar gidansu tun zamanin kakansa. In ya gan ta, ba doguwar magana, ƙarfen nasa ne, laifin ma nasa ne. In bai gan ta ba zai gyara dai, amma sai ka sha labarin maƙeran zamani.

Bana ya miƙa maƙerar ga ɗan wansa, bayan shekara arba'in da 'yan kai, domin ido ya fara gardama. Ba a kafa rumfar taro ba, ba a raba lemo ba. Ni da na halarci bikin sallamar mutanen da har yau ban san aikin da suka yi ba, har na yi jawabi a biyu daga ciki, na ga ya kamata in rubuta wannan. Akwai ranar da sunan wani mamaci da zaman iyalinsa a garin nan suka rataya a bakin mutumin nan, ya kuwa buɗe bakin.

Na'Allah ya ƙera bindiga, ba zan ɓoye ba, shi ma bai taɓa ɓoyewa ba. Harba-ka-ruga ce irin ta mafarauta, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ta zomo da zabin daji. Sai dai ba ya ƙera ta ya rataye yana jiran mai saye. Dole mai ita ya zo da ƙafarsa ya tsaya, ya miƙa hannu, a auna shi da igiya daga kafaɗa zuwa yatsa, a sassaƙa ƙotar daidai jikinsa kamar yadda tela ke yanka riga. Da daji ya lalace tsakanin Tambuwal da Kebbe, aka shiga kore shanu ana ɗaukar mutane a gona, sai kowa ya zama maharbi. Har ni, malamin firamare mai tumbi, na je na miƙa hannu aka auna. Tawa tana rataye a bayan ƙofa shekara huɗu ke nan, kuma abin da ta taɓa kashewa kawai shi ne kwanciyar hankalin maiɗakina, wadda ke tsoron kada ta faɗo wa wani a ka.

Bube manomi ne mai 'yan shanu. Gidansu na gefen gari ta gabas, kakansa ma a maƙabartarmu yake kwance. Wata safiya, dawa ta yi tsawo ana jiran kaka, aka ɗauko gawarsa daga hanyar gona da harbi a ƙirji. 'Yan sa-kai na garin suka ce sun yi kiciɓis da shi yana kai wa mutanen daji saƙo, ya ɗaga musu bindiga, suka riga shi. Ga bindigar ma, in ji su, a hannunsa aka same ta.

Kafin azahar zauren mai gari ya cika. An shimfiɗe bindigar a kan tabarma a tsakiya. Magana biyu ake yi: ko jama'a za su sallaci gawar, da kuma kwana nawa za a ba iyalinsa su kwashe su bar garin. Matarsa Saudatu tana waje a jikin bango. Ta ce mijinta bai taɓa riƙe abin da ya wuce sanda ba, ba wanda ya sake tambayarta. Ni aka kira in rubuta takardar da za a kai gaba, domin an ce rubutuna yana da kyau. Na san Bube shekara ashirin, 'ya'yansa uku sun zauna a ajina, ban taɓa ganinsa da bindiga ba. Duk da haka na rubuta “an same shi da bindigarsa”, har na ja layi a ƙarƙashi.

Ba a kira Na'Allah ba. Labari ya ji, ya taho da baƙin gawayi a hannu, ya gaida mai gari, ya nemi izinin taɓa bindigar. Ya ɗauka, ya juya ta, ya duba gindinta.

“Ranka shi daɗe, wagga bindiga ni na ƙera ta.”

Mai gari ya ce, “To ai ba a ce ba kai ba ne, Na'Allah. Bube ka ƙera ma ke nan.”

“Bube bai taɓa tsayawa gabana na auna mai hannu ba. A dubi kunamarta, ga hagu take. Ta bahago ce. Bube da dama shika yanka, ni ke wasa mai lauje kowace kaka.”

Liman ne ya yi gyaran murya ya ce, “Bahago nawa ka ƙera ma?”

“Guda.”

Bai ambaci suna ba, ba kuma buƙata. Bahagon yana tsaye a bakin ƙofa cikin 'yan sa-kai: Gazali, ɗan Atu, ƙanwar Na'Allah uwa ɗaya uba ɗaya. Na'Allah ne ya yanka ragon sunansa.

Gazali ya yi 'yar dariya ya ce, “Kawu, kowa ya san ido ya fara ba ka wuya. Bindiga nawa ka ƙera? Duk kama suke.”

“Idona da zare da allura shika gardama, bai kai ga aikina ba tukuna. Taho ka aza ta ga kafaɗa. In ba ta zauna ba, in ba ka haƙuri gaban jama'a.”

Gazali bai motsa ba. Wani dattijo da ke kusa da ni ya sunkuya ya ce a hankali, “Maƙeri, jininka ne fa.”

Na'Allah ya ce, “Na sani. Wanda ke kwance waje ma jinin wasu ne.” Sannan ya juya ga mai gari. “Ban ce ga wanda ya yi harbi ba, ban kasance wurin ba. Abin da na sani na faɗa: wagga ba ta Bube ba ce.”

Ya ajiye bindigar inda ya ɗauke ta, ya koma gefe ya zauna. Kafin la'asar ɗaya daga cikin 'yan sa-kan ya warware zance: motsi suka gani cikin dawa, tsoro ya riga hankali, da suka ga wanda suka harba sai suka ajiye masa bindigar da ta fi kusa. Ba wanda ya tuna da wane hannu aka auna ta. Ni ma na yi tawa jarumtar, na jawo sabuwar takarda. Aka sallaci Bube, sahu ya kai bakin hanya. Maganar ta tafi gaba wurin hukuma, tana nan tana tafiya irin tafiyar shari'a.

Washegari Na'Allah ya rufe maƙera ya tafi gidan mamacin gaisuwa. Waɗanda suka raka shi sun ce da ya gama addu'a bai tashi ba. Ya ce wa Saudatu, daga bayan zana, “Ƙarfen da anka aza ma mijinki nawa ne. Bindigar da ta harbe shi ma, in an bincika, ba mamaki tawa ce.”

Ta ce, “Baba Maƙeri, ai ba kai ka harbe shi ba.”

Ya ce, “Ba ni ba ne, ɗiyata. Amma ba daga sama ta faɗo ba.”

Kada mai karatu ya zaci an yi masa tafi. Atu ba ta sake taka gidansa ba, ko da Salla. Daga ranar bai sake ƙera bindiga ba, kuma wannan ya fi ɓata wa mutane rai. Suna cewa ɓarayi na yawo da manya masu aman wuta, shi kuma ya hana mu 'yan ƙanana, da fartanya za mu tare su? Maganarsu tana da nauyi, ni dai ba ni da amsarta, kuma ban ji wani mai hular gwamnati ya amsa ta ba. Shi ma bai ce yana da ita ba. Da na matsa masa, cewa ya yi, “Malam Sirajo, da na ɗauka in na auna hannun mutum na san shi. Ashe hannun kaɗai nika aunawa.”

Bayan wata uku mahara suka afka wa wani ƙauye a yammacinmu. Da na je jaje na tsinto kwanson harsashi ɗaya a gindin wani rumbu, na kawo masa, don ina son in nuna masa na san duniya. Ya karɓa, ya juya shi kamar yadda yake juya lauje.

“Wanga aikin gwani ne. Mi anka rubuta ga gindi?”

“Lambobi ne, Baba. Na masana'antar da ta yi shi, da na shekarar.”

“Ashe su ma suna sa shaida. Sun san inda ya faɗi?”

Nan na gyara zama na yi masa darasi. Na ce masana'antar tana can ƙetaren teku, za ta ce ita wata gwamnati ta sayar wa, da takarda da hatimi. Gwamnatin za ta ce a wani yaƙi aka fasa mata rumbun makamai. Dillalin da ya ratso hamada da su zai ce shi ɗan dako ne, bai buɗe kaya ba. Kowa da takardarsa, kowa hannunsa fes. Na yi bayani har da zane a ƙasa, ya saurare ni har na gaji.

“Mutum nawa sunka rasu can?”

“Bakwai.”

“Cikin masu takardun, wa ya zo gaisuwa?”

Malamin makaranta in ya rasa amsa agogo yake dubawa. Na duba.

Kai ne, Na'Allah, ba ka shiga aji ko na kwana ɗaya ba, amma ka riga masu manyan masana'antu fahimtar abin da shaida take nufi. Su suna buga lamba don a san wurin da za a koma saye. Kai ka yi tsaga uku don a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa in abu ya ɓaci. Mai wuta a gaba, ruwa a gefe. Kai ne ka ga aikin hannunka a kan tabarmar mai gari, shiru zai fisshe ka, zai fisshe ɗan ƙanwarka, ba wanda zai zarge ka, ka ce nawa ne. Ban ce kai waliyyi ba ne. Kana da faɗa, kana riƙe laujen mutum sati biyu, kuma ka ƙera abin da ya yi kisa. Bambancinka da sauran masu ƙera shi, ka bi sawunsa har inda ya faɗi, ka tsuguna ka yi gaisuwa.

Mun gode, Baba Maƙeri. Allah ya ƙara wa idon haske, ya sanyaya zuciyar Atu, ya ba ka hutun da ya fi wanda ka ba masaba. Mu kuma da muka saura, masu ƙera ƙarfe da masu sayar da shi da masu rubuta takarda a ja layi a ƙarƙashi, ga hanya nan an nuna mana. Wanda duk abin hannunsa ya isa inda ya yi ɓarna, ya tashi ya je ya ce nasa ne, tun ba a kira shi ba.

Iyalin Bube suna nan a gidansu na gabas, bana ma sun yi gero. Saudatu tana kawo nono kasuwa. In baƙo ya tambaya wace ce, cewa ake yi matar marigayi Bube ce, a ƙara da Allah ya jiƙansa.