Cinyar Rago a Duron Kifi

A shekarun da babbar Sallah ke faɗowa cikin damina maigidana ya yanka ragonsa na farko. Muna unguwar Nima ta birnin Ankara a lokacin, ɗaki ɗaya a gidan haya, shi yana ɗinki a Zongo Lane, ni kuma amarcina ya fara tsufa. Shekara tara rabonsa da ƙauyensu a ƙasar Gobir, don haka tun kafin a feɗe ragon ya ce rabi na Inna ne, mahaifiyarsa.

Ban taɓa ganin Inna ba, amma na san ba ta so aurenmu ba. A ganinta 'yar da aka haifa a Ankara ba ta iya komai ba sai kwalliya da cin dokunu, tuwon masarar nan mai tsami. Duk saƙon da ta aiko ƙarshensa ɗaya ne: "A gai da matar can." Matar can ni ce. Abin yana cin raina, ba zan ɓoye ba. Na kuma san idan naman nan ya isa hannunta a ruɓe, ba wanda zai ce laifin ɗanta ne.

Maigida ya ce kilishi za a yi, kamar yadda ake yi a garinsu. Na ce masa ranar nan ba irin tasu ba ce, zane ma sai ya kwana biyu a igiya bai bushe ba. Ya ce rana ai ɗaya ce a duniya. Ya yanyanka naman fale-fale, ya shanya a tabarma a kan kwanon ɗaki, ya sauko yana taƙama. Washegari da la'asar, bayan ruwa ya zuba har sau biyu, ƙudajen Nima kaf sun hallara a kanmu, ungulu uku na layi a kan katanga. Ya sauko da tabarmar yana toshe hanci.

Allah ya taimaka akwai cinya ɗaya da na ɓoye, na cuɗe ta da gishiri da barkono na rataye a saman murhu. Ita kaɗai ta rage wa Inna. Motar goro da za ta kai saƙon saura kwana uku ta tashi, tafiyar kuma ta fi mako.

Na garzaya Kasuwar Malam Atta wajen wata tsohuwa 'yar ƙabilar Ga da nake sayen bandar kifi a hannunta. Ta sayar mini da tsohon duron da take kyafa kifi a ciki, sule biyu, duk ya yi tsatsa. An huda masa ƙofa a gindi, an ɗora ragar waya a sama. Ta ce da irin Hausarmu ta Zongo, "Amariya, gawayi kaɗan, ɓawon kwakwa a sama, ka rufe da jiƙaƙƙen buhu. Wuta ba aboki ba, hayaki ne aboki. Ka buɗe, ka ɓata." Na ɗauko shi a ka har gida, mata na yi mini tsiya ko zan fara sana'ar kifi ne.

Sau uku na wanke duron da toka da lemon tsami. Na yanka cinyar gunduwa-gunduwa na jera a kan raga, na hura gawayi, na rufe. Kwana biyu ina gadinsa kamar mai jego. Aikin bai ba ni wahala ba kamar maigida, wanda ya tashi daga malamin kilishi ya koma mai leƙe. Da na juya baya sai ya ɗaga buhun wai yana dubawa. A karo na huɗu na buge masa hannu da ludayi, ya ja da baya yana cewa ashe haka matan Ankara suke.

Naman ya fito baƙi sidik, ya bushe ƙayau, gwanin sha'awa. Na gutsura na kai baki. Kifi! Duron ya shekara yana shan hayaƙin kifi, toka ba ta raba shi da halinsa ba. Maigida ya daɗe yana taunawa, sannan ya ce, "Ya dai bushe." Na shiga ɗaki na yi kukana. Babu wani naman, babu sauran lokaci. Haka muka naɗe shi a takardar siminti muka miƙa wa direban motar goron, na ba shi labarin duron da wankin da ya sha, ko da Inna za ta tambaya.

Sai bayan wata biyu direban ya dawo. Ya zauna a ƙofarmu ya sha koko a tsanake. Ya ce Inna ta buɗe ƙunshin ta shinshina, ta tambaye shi ko ragunan Ankara a teku suke kiwo. Ta jefa gunduwa ɗaya a miyar kuka, ta ci, ta suɗe hannu. Daga nan ta kulle sauran a akwatinta, ko jikokinta sai dai su ji ƙamshi.

Ya ciro ƙullin daddawa daga jakarsa. Maigida ya miƙa hannu, direban ya janye.

"Ba naka ba ne. Cewa ta yi, a ba 'yata. Kuma a gaya mata, baɗi kada ta wanke duron."